Babban otal a Abuja ko matsakaici a gida: wanne ya dace da mai neman aiki?

Bayan ƙaramar Sallah yayata ta kira ni da daddare, muryarta a sanyaye. Ɗanta na fari ya gama difloma a fannin kula da baƙi, ya shekara yana yawon kai takardu, sai ga kira biyu a mako ɗaya. Wani babban otal a Abuja yana son sa, amma ta hannun kamfanin da ke samar musu da ma'aikata. Wani otal kuma mai ɗakuna arba'in da 'yan kai a nan Kano, na wani ɗan kasuwa, ya ce ya zo ya zauna a teburin karɓar baƙi. Ta ce, "Kai ka san harkar, ka gaya masa gaskiya. Ni dai ba na son abin da zai ɓata masa suna." Na yi shekaru ina aikin sito da sayayya a otal, na fara a Abuja na ƙare a Kano, kuma na san ba ɗan yayata kaɗai ne ke tsaye a wannan mararraba ba. Shi ya sa zan shimfiɗa abin da na gaya masa.

Iyayenmu sun san otal a Arewa kamar ma'aikatar gwamnati. Hamdala na Kaduna tun zamanin Sardauna yake, an gina Durbar saboda hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, Kano na da Daula da Bagauda, Bauchi na da Zaranda, Sakkwato na da Giginya. Wanda ya samu shiga a wancan zamani ya shiga ke nan, yana hawa mataki-mataki har ya yi ritaya. An rushe Durbar a Janairun 2020 bayan ya daɗe a rufe, Daula ya mutu tun kafin rigimar filinsa ta 2023, Bagauda kuwa ya koma makarantar horar da lauyoyi. Yau kusan duk aikin otal yana hannun 'yan kasuwa, shi kuwa ɗan kasuwa da lissafi yake kwana yake tashi.

Abu biyu ne suka sauya wannan lissafi a 'yan shekarun nan. Na farko annobar korona. An kulle Abuja a ranar 30 ga Maris 2020, ɗakuna suka zama wayam, har kamfanin Transcorp, mai otal ɗin Hilton na Maitama da ke da ɗakuna sama da 600, ya sanar a wannan shekarar cewa zai rage kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatansa. Idan giwa ta durƙusa haka, sai a ƙiyasta halin ƙananan dabbobi. Baƙi sun dawo daga baya, amma guraben dindindin ba su dawo yadda suke ba, domin masu otal sun gano ana iya tafiyar da gida da hannu kaɗan. Na biyu tsadar wuta. Dizal ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit na wuta. Otal ba ya iya kashe injin sanyaya ɗaki yana da baƙo a ciki, ba ya iya kashe firjin nama. Abin da ya rage a hannun mai otal ya matse shi ne ma'aikata. Daga nan aka samu abin da muke gani yanzu: masu gadi da masu shara da masu wanki da guga, wani lokaci har da masu kai abinci, duk ta hannun ɗan kwangila ake ɗaukar su, ma'aikaci ɗaya kuma yana riƙe da aikin da mutum biyu ko uku ke yi a da.

To, da wannan a zuci sai a auna tayin biyu.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ruɗar matasa, ni ma ita ta ruɗe ni a farko. Albashin babban otal a Abuja ya fi na gida, wannan babu musu. Ƙari a kan haka akwai kuɗin hidima, kashi 10 cikin ɗari da ake ɗora wa baƙo a kan kuɗin ɗaki da abinci, wanda a otal mai tsari ake raba wa ma'aikata a ƙarshen wata. A watan da gida ya cika da taro, wannan kaso na iya zama abin da ya fi faranta wa ƙaramin ma'aikaci rai fiye da albashin kansa. Ana ciyar da kai lokacin duti, ana ba ka kayan aiki, wasu har motar ma'aikata suke da ita. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Babu ƙaramin ma'aikacin da ke kwana a Maitama ko Wuse II. A Mararaba, Nyanya, Masaka, Kubwa, Lugbe ko Suleja za ka samu ɗaki, mai gida kuma kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga na dillali. Wanda ke dutin safe daga Mararaba dole ya fito kafin asuba ta waye, in ba haka ba cunkoson Nyanya ya cinye shi. Tun da aka cire tallafi, kuɗin mota kaɗai na iya lashe babban yanki na abin da ka samu. Kuma wanda ya shigo ta hannun ɗan kwangila ba lallai ne yana cikin rabon kuɗin hidima ba. Wannan tambaya ce da ya wajaba a yi ta tun kafin a sa hannu, a kuma ji amsarta da baki, ba da gyaɗa kai ba.

A Kano ko Kaduna ko Sakkwato, matashi yana kwana a ɗakinsa na gidan ubansa, ya ci tuwon gida, ya hau a-daidaita-sahu ɗaya ko biyu ya isa wurin aiki. Albashin ƙarami ne, wani lokaci ƙanƙantarsa abin kunya ce. Dokar mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta tsayar da naira 70,000, amma ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma ƙananan masaukai da yawa a nan suke fakewa. Na taɓa aiki a wani wuri da albashi ke kaiwa tsakiyar wata mai zuwa kafin ya fito, sai mai gida ya dawo daga tafiya, alhali a kan idonmu ake lissafa cinikin kowace rana. Duk da haka, idan ka zauna da takarda da biro ka cire haya da mota da abincin ranar hutu da kuɗin zuwa gida Sallah daga albashin Abuja, sau da yawa abin da ya rage ba ya nisa da na gida. Don haka na gaya wa ɗan yayata kada ya tafi Abuja saboda kuɗin shekarar farko. Idan zai tafi, wani dalili ne zai kai shi.

Dalilin shi ne abin da zai koya, kuma a nan ne tazarar take da faɗi ƙwarai. Babban otal mai alaƙa da kamfanin waje makaranta ce da ake biyan ka kana karatu. Komai a rubuce yake: yadda ake shimfiɗa gado, minti nawa ake ɗauka a gyara ɗaki, a wane sanyi ake ajiye kaza da kifi, yadda ake rubuta ranar da aka buɗe kowane kwano a firji, abin da za ka ce wa baƙon da ya zo a fusace. Za ka taɓa manhajar Opera da manyan otal-otal na duniya ke rajistar baƙi da ita, ka ga yadda ake karɓar odar ɗaki daga Booking.com, ka ga yadda ake ciyar da mutum dubu a taro ɗaya abinci bai huce ba. Turancinka zai gyaru ko ba ka so. Shekara biyu ko uku a irin wannan wuri, da takardar shaida a hannu, suna buɗe ƙofa a Legas, a Fatakwal, har da wajen ƙasa, kuma a gida ma da ita ake ɗaukar mutum sufabaiza kai tsaye. Masu buɗe sababbin otal a Kano da Kaduna, in suna neman wanda zai tsara musu kicin ko sashen ɗakuna, wanda ya yi Abuja ko Legas suke fara tambaya. Aibinsa shi ne ƙunci: za a iya ajiye ka a lungu ɗaya, kana goge cokali ko ninke tawul, shekara ta zagayo ba ka ga komai ba sai wannan lungu. Wanda bai buɗe baki ya nemi a zagaya da shi wasu sassa ba, haka zai fito.

Otal na gida kuwa akasin haka ne. Da safe kana teburin karɓar baƙi, da rana kana kasuwar 'Yankaba kana cinikin tumatir, da yamma kana auna dizal a tanki, da dare kana rarrashin baƙon da ruwan zafi ya ƙi zuwa ɗakinsa. Cikin shekara ɗaya za ka san yadda kuɗi ke shiga da fita a otal fiye da wanda ya shekara biyar a Abuja, kuma mai himma na iya zama manaja yana da ƙuruciyarsa. Wanda burinsa shi ne wata rana ya buɗe nasa masaukin ko gidan abinci, wannan ilimi ba ƙarami ba ne. Haɗarin shi ne ka koyi aiki a karkace ka ɗauka daidai ne, domin babu wanda ya san daidan balle ya nuna maka. Sannan akwai rufi a saman kanka: kujerar akanta da ta babban manaja galibi na ɗan mai gida ne ko surukinsa, komai ƙoƙarinka.

Sai maganar takarda, wadda mutanenmu ke jin nauyin tambaya kamar rashin kunya ce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai gida ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Akwai asusun NSITF da ke biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma kicin wuri ne na wuta da wuƙa da tafasasshen mai. Akwai ƙungiyar ma'aikatan otal ta ƙasa, NUHPSW, da ke ƙarƙashin NLC. A manyan otal-otal na Abuja, cikakken ma'aikaci yana samun waɗannan duka ko mafi yawansu. A matsakaitan otal na gida sai ka tona kafin ka samu mai yin rabinsu. Amma ga inda gizo ke saƙa: wanda ya shiga babban otal ta hannun ɗan kwangila, ba otal ɗin ne ubangidansa ba. Yana sanye da rigarsu, yana bin dokarsu, amma ranar da kwantiragi ya ƙare ba su san shi ba. Irin wannan tayi yana da amfani ne kawai idan akwai hanyar da ake tsallakawa daga kwangila zuwa cikakken aiki. Hanyar sanin haka mai sauƙi ce: ka tsaya a ƙofar ma'aikata lokacin canjin duti, ka tambayi mutum uku shekara nawa suka yi da kuma wa ke biyan su. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Ya kamata kuma mutum ya tambayi kansa, su wa ke cika ɗakunan nan? Domin daga aljihunsu albashinka ke fitowa. Abuja tana cin abinci ne daga gwamnati, ofisoshin jakadanci, ƙungiyoyin waje, tarukan bita da hayaniyar siyasa. Kasuwa ce mai kauri, takan lafa a ƙarshen shekara da lokacin da majalisa ke hutu, amma ba ta mutuwa. Kano tana dogara da fatake masu zuwa Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da bukukuwan aure, da baje kolin kasuwa, da baƙin hawan Sallah, wanda shi ma an sha dakatar da shi a shekarun nan. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, masaukan da ke karɓar fatake daga Maraɗi da Damagaram sun ji a jikinsu. Da wuta ta ɗauke a kusan duk Arewa fiye da mako guda a Oktoban 2024, dizal ya ci ribar da yawa daga cikinsu. Kaduna ta ga fuska biyu: a 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida aka karkatar da jirage can, ɗaki ya yi wuya, sai kuma harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 ya tsayar da zirga-zirga har Disamba. Maiduguri kuwa ma'aikatan agaji ne suka raya otal-otal ɗinta, don haka da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a farkon 2025, kowa ya san inda abin zai taɓa. Otal na gida da ya jingina da baƙo iri ɗaya yana iya sallamar ka saboda abin da ya faru a wata ƙasa. Wanda ke da babban ɗakin taro ya fi tsayuwa da ƙafarsa, domin ko ana tsada ba a fasa kamu da dina da walima.

Damuwar yayata ita ce suna, kuma ban raina ta ba. A wurin mutanenmu da yawa kalmar otal tana tafe da giya da matan banza, shi ya sa za ka shiga otal a tsakiyar Kano ka tarar yawancin masu riƙe da sassan daga wasu jihohi suka zo, 'ya'yanmu kuwa suna bakin ƙofa suna gadi. Wannan yana yi mini ciwo, domin karɓar baƙo sana'armu ce tun zamanin fatoma da masaukin ayari. Gaskiyar magana, manyan otal-otal na Abuja suna da mashaya, wasu har da gidan caca. Wanda ya karɓi aikin kai abinci a can, wata rana za a ɗora masa kwalba a faranti, kuma ba a lokacin ne zai fara gardama ba. Wanda ba zai iya ba, ya faɗa tun a wurin ganawa, ya nemi sashen da babu ruwansa da ita: gyaran ɗakuna, wanki da guga, gashin burodi da kek, sito, lissafi, injiniya. A Kano da sauran jihohin da ke bin shari'a tun 2000, otal da yawa ba sa sayar da giya ko kaɗan, akwai masallaci a harabar, ba ka roƙon kowa kafin ka tafi Juma'a, a azumi kuma kowa ya san halin da kake ciki. Amma kada a ɗauka kowane masauki na gida tsarkakakke ne. Akwai ƙananan da ke sayar da ɗaki na awa biyu, waɗanda Hisba ke kai wa samame, kuma wanda ke zaune a tebur shi ake fara kamawa. Irin wannan wuri ya fi mashayar Abuja ɓata suna nesa ba kusa ba. Ga 'ya mace, ni dai babban otal mai ofishin kula da ma'aikata da motar mai da su gida na fi amince wa, ko kuma na gida da iyayenta suka san mai shi kuma ba a sa ta dutin dare.

Akwai hanya ta uku da ke jan matasa yanzu, wato gidajen haya na kwana-kwana da ake kira shotlet, masu talla a Instagram da Airbnb, waɗanda suka cika Jabi da Gwarinpa da Wuse, suka kuma fara yawa a unguwannin Nasarawa a Kano. Suna ɗaukar mai shara da mai kula da gida, kuɗi na shigowa da sauri, baƙi na ba da tukwici. Babu takarda, babu horo, babu matakin hawa, kai kaɗai ne da makulli da duk wanda ya kama gidan. A matsayin abin riƙe hannu kafin a samu aiki babu laifi. Ban ga sana'ar shekara goma a ciki ba, sai ga wanda zai tara gidaje da yawa yana kula da su da sunan kamfaninsa.

Abin da na fi nanata wa yaron shi ne sashen da zai shiga ya fi garin da zai je muhimmanci. Teburin karɓar baƙi yana da kwat da ƙyalli, kowa shi yake so, amma shi ne aikin da waya ke ci a hankali, tunda baƙo na kama ɗaki ya biya kafin ya iso, masu neman kujerar kuma sun yi yawa. Waɗanda ake nema ruwa a jallo su ne kuku da ya iya abincin gida da na waje, mai gashin burodi, mai tsara taro, da uwa uba mai gyaran injin sanyi, janareta, famfo da wutar sola. Tunda wuta ce ke cinye ribar otal, wanda ya iya rage ta ba a sallamar sa da wasa. Wanda ya haɗa difloma da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, ko ya yi gajeren kwas a NIHOTOUR, cibiyar gwamnati mai koyar da aikin otal da yawon buɗe ido, wadda ke da reshe a Bagauda, ya fi mai digiri da ba ya iya komai da hannunsa daraja a wannan kasuwa.

Ra'ayina a fili yake. Saurayi marar iyali, mai ɗan'uwan da zai ba shi wurin kwana na wata shida a Abuja, ya tafi babban otal, ya ɗaure shekara biyu zuwa uku, ya nemi kicin ko injiniya ko sashen taro, ya dawo gida da takarda. Mai mata da 'ya'ya, ko mai jinyar iyaye, ko wanda sai ya ci bashi zai kama ɗaki a Mararaba, ya zauna a gida, amma ya zaɓi otal mai ɗakin taro, mai ma'aikata sama da 25, wanda tsofaffin ma'aikatansa suka shaida ana biya a kan lokaci.

Da na gama, ɗan yayata ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, to in na tambaye su maganar kuɗin hidima suka ji haushi fa?" Na ce masa ya tambaya cikin ladabi, ya kuma haɗa da wasu uku: wa zai sa hannu a takardarsa, awa nawa ne duti da kwana nawa ne hutu, sannan mutum nawa suka tsallaka daga kwangila zuwa cikakken aiki a bara. Washegari ya kira su. Sun amsa uku, ta huɗun suka ce sai ya zo. Yana da ɗan baffansa a Kubwa da ya yarda ya raba ɗaki da shi, don haka ya roƙi a sauya masa daga kai abinci zuwa sashen gashin burodi, aka ce za a gwada shi wata uku. Mai otal ɗin Kano kuma na je da kaina na ba shi haƙuri, na ce masa in Allah ya kai mu yaron zai dawo.